Jirgin ruwana zai yi hunturu a waje: yaya zan kare injinsa daga ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Duluth, jihar Minnesota ta Amurka. Bana na sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu mai injin MerCruiser, irin wanda injin ke cikin jirgi, farfela tana baya. Ba ni da gareji, a kan tirela zai zauna bayan gida har watan Mayu. Maƙwabcina ya ce in lulluɓe shi da tamfol, in kunna ƙwan lantarki kusa da injin, ya wadatar. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka dogara da ƙwan nan. Dare ɗaya aka ɗauke wuta ana zubar dusar ƙanƙara, shi ke nan an gama. Ga kuma haɗarin gobara, domin a ramin injin tururin fetur yake taruwa.

Abin da ke fasa inji shi ne ruwan da ya kwana a cikinsa. Ka taɓa mance kwalbar lemo a firiza ka tarar ta tarwatse? Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma bai san ƙarfe ba. Mota tana da lagireto mai ruwan magani, amma yawancin injuna irin naka daga tafki suke zuƙo ruwa, ya zagaya bulok (gangar jikin injin) da bututun hayaƙi, ya fita. Idan ka ɗora jirgin a tirela, ruwan Tafkin Superior, wanda Duluth ke bakinsa, yana nan maƙale a cikin injin. Mai kwale-kwale a Kainji ko Tafkin Chadi bai taɓa wannan tunani ba, shi ya sa namu da suka zo ƙasashen sanyi suke faɗawa ciki. Abin takaici, ba a ganin ɓarnar sai an tayar da inji a bazara: ka zaro sandar gwajin baƙin mai ka ga ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ko ka ga zaren tsatsa a gefen bulok, ruwa na tsattsafowa. A nan maganar sabon inji ake yi.

Ka yi aikin kafin tsakiyar Oktoba. Fara da zuba maganin adana fetur a tanki, ka cika shi ya rage kaɗan, saboda fetur mai gaurayen etanol yana jan danshi. Maƙala robar ba wa inji ruwa, mai kama da abin toshe kunne, a ƙafar injin (sashen da ke bayan jirgi mai ɗauke da farfela), ka haɗa da tiyo, ka buɗe famfo, sannan ka tayar. Kada ka kuskura ka tayar babu ruwa, robar famfon ciki ba ta jure ko minti ɗaya. Bar shi minti 10 zuwa 15 ya yi zafi, ka kashe, ka juye baƙin mai da matatarsa. Idan mai kafireto ne, sake tayarwa ka fesa man kare silinda daga tsatsa har ya yi hayaƙi.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato tsiyaye ruwa. Akwai matosai a gefen bulok da ƙarƙashin bututun hayaƙi, a injunan MerCruiser da yawa shuɗaye ne na roba, da hannu ake kwance su. Littafin injinka zai nuna maka adadinsu, ka ƙirga kada ka bar ko ɗaya. Idan ka cire matoshi ruwa bai zubo ba, kada ka yi murna cewa babu ruwa. Yashi da tsatsa ne suka toshe ramin. Zura waya ka tsokane, za ka ga baƙin ruwa ya ɓalle a hannunka. Nan ne na fi ganin mutane suna asara, sun yi komai daidai, rami ɗaya ya yaudare su. Cire babban tiyon da ke ƙasan famfon zagaya ruwa, shi ma yana riƙe ruwa ba kaɗan ba.

Sai ka mayar da matosai ka zuba maganin daskarewa ta tiyoyin da ke kan gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi) har bulok da bututun hayaƙi su cika. Wasu sukan tsallake tsiyayewa, su sa injin ya zuƙi maganin daga bokiti. Ban yarda da wannan ba. Tamostat ba ya buɗewa sai zafi ya kai digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, idan kuwa yana rufe, maganin zai bi ta gefe ya fita ta salansa. Ka ga maganin mai launin ruwan hoda yana zuba a ƙasa, hankalinka ya kwanta, alhali bulok cike yake da ruwan tafki.

Maganin daskarewar kuwa, sayi na jiragen ruwa, mai sinadarin furofilin gilaikol. Na mota guba ne ga kifi da karnukan unguwa. A Duluth, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, ɗauki mai lamba -100 a jikin jarka maimakon mai -50. Lambar ta ma'aunin Faranhait ce, kuma ɗan ruwan da ya saura a inji yana rage wa maganin ƙarfi.

Juye man giyar ƙafar injin, domin idan ruwa ya shiga shi ma zai fasa gidan giya. Bar ƙafar a sauke, kada ruwa ya taru a bakin farfela. Cire batir, ka cika shi da caji, ka kai shi cikin gida. Ɗaga gaban tirela, ka cire matoshin gindin jirgi don ruwan sama ya samu hanya, ka ɗaure matoshin a sitiyari yadda ba za ka shiga tafki babu shi ba. Tamfol kuma a yi masa ƙashin baya da katako don dusar ƙanƙara ta zame, a bar kafar iska.

Tunda wannan ne hunturunka na farko, ka biya makanikin jiragen ruwa ya yi, kai kuma ka tsaya a kansa da wayarka kana ɗaukar hoton kowane matoshi da ya cire. Baɗi sai ka yi da hannunka, in sha Allahu.