Kuɗin lafiya a hannun ƙungiya: yadda ake tsare shi a Ingila

Malam, ka tambaya yadda ƙungiyoyin jin ƙai a nan Ingila ke karɓar kuɗin gwamnati na kiwon lafiya, da wanda ke sa musu ido. Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin wayar da kai kan sikila, ciwon suga da hawan jini a unguwanninmu da irin wannan kuɗi ake yin sa.

Kafin a yi maganar kuɗi sai an yi rajista. Ƙungiyar da ke samun sama da fam 5,000 a shekara dole ta shiga littafin hukumar Charity Commission, wadda ke kula da Ingila da Wales. Masu riƙe da ita amintattu ne, galibi uku ko fiye, kuma a ƙa'ida ba a biyan su albashi. Idan abin da ke shigowa ya haura fam 25,000, sai an miƙa lissafi da rahoton amintattu cikin wata 10 bayan rufe shekarar kuɗi. Hukumar na ɗora su a intanet kowa ya gani, wanda ya makara kuma a nuna makararsa a shafin ƙungiyar. Masu ba da tallafi can suke fara leƙawa.

Kuɗin da kansa yakan fito ne daga NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ko daga ƙaramar hukuma, wadda tun 2013 aka damƙa wa kula da lafiyar jama'a. Yana zuwa ne a ɗaure. In an ba da shi don auna hawan jini a masallaci, to na wannan aiki ne kaɗai, kuma sai an nuna mutum nawa aka auna, a ina, yaushe, da rasit na kowace kashewa. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe, ba tare da niyyar sata ba. Wani ɗan'uwa ya rasu ana neman kuɗin jana'iza, ko hayar zaure ta zo, sai a ce a ara daga asusun a mayar daga baya. A gida za a kira shi zumunci. A nan saɓa amana ne, ana iya neman a dawo da kuɗin, har a bi amintattu su biya daga aljihunsu. Shi ya sa ƙungiya mai hankali ke ware asusun taimakon juna daban, ta kuma sa mutum biyu da ba dangin juna ba su sa hannu kan duk abin da zai fita.

Sai kunya. Ba ma iya cewa dattijo ya kawo rasit, ko ya fita daga ɗaki lokacin da ake shawarar ba ɗansa kwangilar abinci. Amma dole ya bayyana alaƙar, ya janye, a rubuta a takardar taro. Mu a ganinmu wannan kare mutuncinsa ne, don ranar da bincike ya zo takardar ce za ta wanke shi.

Masu aikin sa kai da za su kusanci yara ko marasa ƙarfi ana yi musu binciken DBS tukuna, wato a duba ko suna da tarihin aikata laifi. In aikin ya kai ga jinya ko magani, sai rajista da hukumar CQC, mai sa ido kan asibitoci da masu aikin jinya. Babbar ɓarna kuwa, kamar ɓatan kuɗi ko cin zarafi, amintattu ne za su kai rahoto da kansu.

Kada ka ɗauka tsarin ba ya ɓaci. Kids Company, babbar ƙungiyar yara a Landan, ta rufe a watan Agustan 2015, kwanaki kaɗan bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan 3, kuma a lokacin ba ta da ajiyar da za ta riƙe ta. Tun daga nan mai ba da tallafi yakan tambayi wata nawa za ku iya biyan haya da albashi in kuɗinsa ya yanke, kuma yana son ganin amsar a rubuce.