Amsa: Me ya sa ake cewa capecitabine "a kwance" yake kafin ya isa ga kansar pankiriyas?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwayar da aka rubuta wa Baba ba ta da ƙarfi tunda likita ya ce sai jiki ya tashe ta. Tana da ƙarfi sosai. Capecitabine na shiga ciki ba ya aiki, sai sinadaran enzayim uku sun sarrafa shi. Na farko yana hanta, na ƙarshe kuwa, thymidine phosphorylase, ya fi yawa a cikin kumburin kansa, shi ke mayar da maganin ya zama 5-FU, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin kansar. Gwajin ESPAC-4 na 2017, wani bincike a kan masu kansar pankiriyas, ya nuna haɗa capecitabine da gemcitabine, wani maganin kansa, bayan tiyata ya ƙara tsawon rai, wata 28 a matsakaici maimakon 25.5 da aka samu da gemcitabine shi kaɗai. Ku lura da tafin hannunsa da na ƙafa; in suka yi ja ko suka fara saɓa, a gaya wa likita. Allah Ya ba shi lafiya.