Tsakanin "Ya Mutu" da "Ya Rasu"

Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya, ya rubuto cewa an ba shi aikin rubuta sanarwar rashin kawunsa domin a karanta a rediyo, ya rubuta "ya mutu", sai wani dattijo ya sa shi ya goge. Yana tambaya ko ba ma'anarsu ɗaya ba ce da "ya rasu".

Malam, Allah Ya jiƙan kawu, Ya ba ku haƙuri. Dattijon nan ya yi gaskiya, domin labarin da kalmomin biyu suke bayarwa ɗaya ne, amma ladabinsu ya bambanta. "Mutu" ita ce kalmar asali, kuma ba ta bambanta mutum da dabba ko kaya: akuya takan mutu, fitila takan mutu, aure ma yakan mutu. "Rasu" kuwa daga "rasa" ta fito, kamar yadda "gyaru" ta fito daga "gyara", saboda haka tana ɗauke da ma'anar cewa akwai waɗanda suka yi rashi, shi ya sa ba a cewa jaki ya rasu sai dai cikin raha.

Sama da wannan akwai "Allah Ya yi masa rasuwa", wadda ita ce ta dace da sanarwa, domin ta mayar da al'amarin ga Mai shi. Irin wannan lafazi ne ya dace da babban rashi kamar na Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris a watan Satumba na 2020, bayan shekara 45 yana kan gadon sarauta. "Ya riga mu gidan gaskiya" tana tunatar da mai magana cewa shi ma yana kan hanya, kuma daga wannan "riga" aka samo "marigayi". "Ya kwanta dama" tana nuni ne da yadda ake kwantar da mamaci a kabari bisa gefensa na dama, yana fuskantar alƙibla. Amma "wafati", wadda muka aro daga Larabci, ta Manzon Allah (SAW) ce da manyan malamai, kamar a ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wafati a 1817. Ita kuwa "ya sheƙa barzahu" da wasu 'yan jarida suke yi wa 'yan fashi, ni dai ba na son ta ko a kan maƙiyi.

Kada dai a ɗauka cewa "mutuwa" kalmar banza ce. A karin magana ba ta sauyuwa: Bahaushe cewa ya yi "mutuwa rigar kowa", kuma duk wanda ya ce "rasuwa rigar kowa" ya ɓata karin, domin a nan ana magana ne a kan ita mutuwar kanta, ba a kan wani mutum da ake jin nauyin iyalinsa ba.

A sanarwarka, ka fara da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", sannan ka ce Allah Ya yi wa kawunku rasuwa, ka ambaci lokacin jana'iza da wurinta.