An hana ɗana gurbi a ajin raino, zan iya kai ciyaman kotu?

Tambaya: Barista, na kai ɗana mai shekara 4 ajin raino a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Hedimasta ya ce aji ya cika, amma in zan kawo "kuɗin tabarma da alli" zai duba. Ba ilimi kyauta ne ba? So nake in maka ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu a kotu.

Amsa: Malama, ki ɗan dakata da batun kotu tukuna, don akwai gyara a fahimtarki.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ilimi kyauta kuma dole, amma sashe na 2 yaran da suka kai shekarun firamare da ƙaramar sakandare ya ambata. Renon ƙananan yara ya shigo ne a sashen fassarar kalmomi kawai. A ganina, kuma wani lauyan zai iya saɓa mini, da wuya wannan ya isa alƙali ya tilasta a ba ɗan shekara 4 kujera. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, sai dai manufa ba doka ba ce. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 kuwa yana Babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a gina ƙara a kansa shi kaɗai. Gaskiya ne a 2017 Babbar Kotun Tarayya ta ce ana iya neman haƙƙin ilimi kyauta a kotu, amma nan ma firamare da ƙaramar sakandare ake magana.

Shi kuma ciyaman, mai yiwuwa ba shi ne abokin shari'arki ba. Tsarin mulki cewa ya yi ƙaramar hukuma ta sa hannu tare da jiha wajen kula da firamare. Linzamin yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Ya danganta ma da abin da dokar jiharku ta ce, kuma ba ki faɗa mini jihar ba.

Inda kike da ƙarfi shi ne batun kuɗin. Sashe na 3 na dokar 2004 ɗin ya haramta karɓar kuɗi a firamaren gwamnati, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko wata 3 a gidan yari, ko duka biyun. Ajin da ya cika amma kuɗin alli ke buɗe shi, to hedimasta na da bayanin da zai yi.

Ki fara da kwamitin kula da makaranta, mai unguwa yakan san 'yan kwamitin. In ba a daidaita ba, ki rubuta wa Sakataren Ilimi, a buga miki hatimi a kwafinki, daga nan SUBEB ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a. Kada ki biya ko sisi ba rasit. Shari'a kuwa, kafin a yanke ta yaron na iya kaiwa aji uku, alhali kujera ɗaya kike nema a wannan zangon.