Amsa kan muryar taswira da ke ɓacewa idan an haɗa waya da rediyon mota

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi tambaya cewa idan ka haɗa wayarka da mota ta Bluetooth kana amfani da Google Maps, muryar da ke gaya maka inda za ka yi kwana takan ɓace, ko kuma ta zo a yanke, har ya zama dole ka riƙa duban fuskar wayar kana tuƙi. Na daɗe ina doguwar tafiya da taswirar waya, kuma wannan matsala tana da magani.

Asalin abin shi ne, da zarar waya ta haɗu da mota, duk sautinta can take turawa, ko da motar ba ta saurarenta a lokacin. Idan ka bar rediyon a kan tashar FM, manhajar tana magana, amma maganar tana shiga hanyar da motar ta rufe, sai ka ji shiru. Ka shiga saitin Google Maps, sashen jagorar tuƙi, za ka ga zaɓin fitar da murya ta Bluetooth. Idan rediyo kake so ka saurara, ka kashe wannan zaɓi, muryar za ta fito ta lasifikar wayar. Idan kuwa karatu ko waƙa kake kunnawa daga wayar kanta, ka bar shi a kunne, ka mayar da rediyon motar kan Bluetooth. Manhajar za ta rage ƙarar abin da kake ji a duk lokacin da za ta yi magana, sannan ta mayar da shi.

Yankewar farkon magana kuma daga wasu tsofaffin rediyoyi take, domin sukan ɗan yi jinkiri kafin su farka idan babu sautin da ke tafiya. Sai ka ji “dama nan da mita 200”, kalmomin farko sun tafi. Idan akwai abin da ke kunne a hankali, hanyar takan zauna a buɗe. Igiyar AUX, wadda ke haɗa waya da rediyon kai tsaye, idan motar tana da raminta, ta fi komai kawar da wannan jinkiri, kuma ni ita na fi yarda da ita a tsohuwar mota. Wanda motarsa ke da Android Auto ko Apple CarPlay, tsarin da ke nuna manhajojin waya a allon mota, bai cika fama da wannan ba, domin motar ce da kanta ke haɗa muryar taswira da sautin rediyo.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan gyaran sauti shi ne duban da ka ce kana yi wa waya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka kallon daƙiƙa biyu ya kai ka fiye da mita 50 ba ka ga abin da ke gabanka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi fuskantar haɗari da kusan ninki huɗu, kuma rashin riƙe ta a hannu ba ya rage hatsarin sosai. Don haka ka rubuta inda za ka, ka duba hanyar gaba ɗaya, ka daidaita ƙarar murya tun motar tana tsaye. Idan ka wuce kwana, kada ka kai hannu ga waya. Manhajar za ta fitar maka da wata hanya da kanta. Abin sauraro na toshe kunne kuwa ban ba ka shawararsa ba, domin yana hana ka jin hon da jiniya, kuma Faransa ta haramta wa direbobi shi tun 2015.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Wayar da aka maƙala a gilashin gaba, rana na dukanta, ga taswira ga caji, takan yi zafi har fuskarta ta dusashe ko cajin ya tsaya, shi ya sa mariƙin da ake sawa a bakin iskar na'urar sanyaya mota ya fi. Ramin USB na tsofaffin motoci sau da yawa ba ya ba da wutar da za ta isa, batirin yana sauka alhali waya tana jone, sai a nemi caja mai ƙarfi ta ramin kunna sigari. Sannan ka sauke taswirar yankin da za ka bi tun kana gida. GPS, tsarin da ke gano inda kake, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba ya buƙatar data, don haka muryar za ta ci gaba da jagora a inda babu sabis, sai dai ba za ka samu labarin cunkoso ba. Waze, wata manhajar taswira, ya fi kyau wajen rahoton cunkoso da haɗurra, tunda direbobi ne ke aikawa, amma ya fi dogara da intanet, kuma yawan sanarwarsa yakan katse karatun da mutum yake bi, sai ka shiga saitinsa ka bar gargaɗin da kake buƙata kawai.