Hukuncin yin bincike kan bashin banki

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jidda, ina rubuta kundin digiri na biyu kan yadda masu ƙaramin ƙarfi ke samun bashi a Saudiyya. Ina hira da ma'aikatan banki da 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka. Abokina ya ce na faɗa cikin la'anar da ta zo a hadisi kan mai rubuta riba. A ƙarshen kundin ina son ba da shawarar a sauƙaƙa wa baƙi samun tawarruƙin banki, wato sayen kaya bashi a sayar da su don samun tsabar kuɗi.

Amsa: Ɗana, nazarin kasuwar bashi halal ne. Wanda aka la'anta shi ne mai rubuta yarjejeniyar ribar tsakanin mai ci da mai bayarwa. Abokinka ya yi gaggawa.

Jimlarka ta ƙarshe ce ta tsayar da ni, domin wanda ya ba da shawara yana da kaso a abin da aka aikata da ita. Za a ce maka jumhur sun halatta tawarruƙi. Haka ne, amma wane iri? Mutum ya sayi kaya bashi, ya karɓa a hannunsa, ya kai kasuwa da kansa ya sayar wa wani daban. Wannan ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) a Makka ta halatta a 1998. A 2003 ita ɗin ce ta hana irin wanda banki ke shiryawa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi sahu a Sharja a 2009. A irin na bankin, banki zai sayar maka da ƙarfen da ba ka taɓa gani ba, ka sa hannu ka wakilta shi, ya sayar nan take, riyal 50,000 ta shiga asusunka, ana binka 60,000. Ina cinikin yake? Malamanmu na Malikiyya suna duban abin da ya fita daga hannu da abin da ya dawo: kuɗi kaɗan yau, kuɗi da yawa gobe. Sa hannun kwamitin shari'a na banki ijtihadi ne, muna girmama masu shi, amma bai mayar da takarda kaya ba.

Saboda haka ka sauya shawarar zuwa murabaha ta gaskiya (banki ya sayi kaya ya mallake su, sannan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince a kai) da bashin taimako marar ƙari. Ka kuma faɗi abin da ka gani: babban bankin Saudiyya ya ƙayyade kada a cire wa ma'aikaci fiye da sulusin albashinsa don biyan bashi, amma wanda banki bai karɓa ba yakan ƙare hannun masu sayar da katin waya bashi, waɗanda ba ruwansu da wannan iyaka.

Sai amana. Cikin waɗanda kake hira da su akwai marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Kada sunansu, ko unguwarsu, ko muryarsu su fita daga hannunka, ko da malamin da ke duba aikinka ne ya nema. Kai ma kada yawan zama da ma'aikatan banki ya ja ka cin bashin da ba ka buƙata.

Wallahu a'alam.