Tambaya da Amsa: Mai tawali'u zai bar gonarsa a cinye?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni manomi ne a wani ƙauye a yankin Sumaila. Ɗan baffana, wanda muke sujada a majami'a ɗaya, gonarsa na jikin tawa. Shekara huɗu ke nan duk damina sai ya shigo mini da kunya ɗaya in yana huɗa. In na tashi magana sai a ce Kirista mai tawali'u ne, in bar wa Allah. Matata kuwa cewa take tsoro ne kawai. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Mu fara da lissafi, don mutane na raina kunya ɗaya. Tsakanin kunya da kunya kamar santimita 75 ne. Kunya huɗu mita uku ke nan, in kuma tsawon gonar ya kai mita 100, murabba'in mita 300 ya riga ya fita daga hannunka. Wannan abincin 'ya'yanka ne. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki lamarin da wasa ba: Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana kawar da iyakar maƙwabci, 27:17 kuma ta la'anci mai yin haka.

Tawali'u ba ya hana ka magana. Abin da yake riƙewa shi ne harshe da hannu a lokacin da kake da ƙarfin ramawa. Dubi bijimin huɗa: zai iya karya garma ya watsar da mai kora, amma ya saba da karkiya, yana bin layi. Ƙarfinsa na nan, sai dai ya shiga ƙarƙashin hannu. Da hoton karkiya ne Yesu ya yi magana a Matiyu 11:29, inda ya ce a ɗauki karkiyarsa a koya daga gare shi domin shi mai tawali'u ne. Shi kuwa da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Ya tambaye shi dalilin marin (Yahaya 18:23). Musa, wanda Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce ya fi kowa tawali'u a duniya, shi ne ya yi ta tsayawa a gaban Fir'auna.

Masu cewa ka bar wa Allah sukan kawo Ishaku, wanda ya bar rijiyoyi biyu, Esek da Sitna, ga makiyayan Gerar ya matsa gaba ya haƙa Rehobot (Farawa 26). Gaskiya ne, akwai lokacin bari. Amma mahaifinsa Ibrahim, da bayin Abimelek suka ƙwace masa rijiya, ya kai kuka gaban sarkin, ya kuma ware 'yan tumaki bakwai su zama shaida cewa shi ya haƙa ta (Farawa 21:25-30). Dukansu biyu ba wanda ya zare sanda. Abin da za ka bincika a zuciyarka shi ne ko ka yafe kunyoyin nan da gaske. In kana wucewa ta wurin ranka na tafasa, in ka daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, to ba ka yafe ba, ka haɗiye ne. Abin da aka haɗiye shekara huɗu yakan fashe rana ɗaya a gona, da fartanya a hannu. A nan matarka tana da gaskiya.

Hanyar tana Matiyu 18:15-17. Ka same shi shi kaɗai, a zaurensa da yamma, ba a bakin gona ba, ba kuma a gaban matansa da yara ba, don wanda aka kunyata a gaban iyalinsa ba ya ja da baya ko ya san bai da gaskiya. Lokacin da ya fi shi ne rani, kafin sharar gona. In an riga an yi shuka, maganar ta koma ta amfanin gona, ta yi nauyi. Ka faɗi abu ɗaya tak: iyakar da iyayenku suka bari daga bishiya kaza zuwa kaza take, kana so ku je ku duba tare. Kada ka tono tsohuwar rigimar gādo, kada ka ce masa ɓarawo. Karin Magana 15:1 ta ce tattausar amsa takan kwantar da hasala, kuma mutum yana iya faɗin magana mai ƙarfi da murya ƙasa.

In ya ƙi, ka koma da mutum biyu, dattawan da suka san gonar tun zamanin iyayenku. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar abokai. Shi zai ga taron dangi aka yi masa. Ka nemi wanda shi ma yake jin nauyinsa. In wannan bai yi ba, sai dattawan ikkilisiya, domin 1 Korintiyawa 6 ta tsawata wa masu bi da ke kai juna ƙara alhali akwai mai sasantawa a cikinsu. Idan duk ya ci tura, mai unguwa da dagaci suna nan, zuwa wurinsu ba zunubi ba ne. Da maƙwabcin Musulmi ne, bayan shaidu sai mai unguwa kai tsaye, da ladabin nan dai.

Ranar da aka daidaita, a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan layin da ruwan fari, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Muna kuma ba ka shawara ka yafe masa amfanin shekara huɗun da ya riga ya ci, ka faɗa da bakinka a gaban shaidu. Wannan ne rabon tawali'u a cikin shari'ar, kuma shi zai sa ku iya cin Jibin Ubangiji a benci ɗaya.

Tambaya: Baba, ni gwauruwa ce daga yankin Roni, ina cikin zumuntar mata. An ce masu tawali'u za su gāji duniya. Ni ina ganin masu ƙwace ne ke da filaye. Yaushe ne gādon?

Amsa: Mama, Allah ya ƙara ƙarfi. Tambayarki ita ce ta Zabura 37, inda Yesu ya ɗauko maganar Matiyu 5:5. Zaburar ta fara da cewa kada a damu saboda mugaye, aya ta 11 kuma ta ce masu tawali'u za su gāji ƙasar. Wanda ya rubuta ta yana ganin abin da kike gani.

Ba za mu ce miki alkawarin na nufin gona ko kuɗi a wannan zamani ba. Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa, aka kashe shi aka ɗauke gonar (1 Sarakuna 21), hukuncin Allah ya zo daga baya. Ki lura da kalmar gādo. Magaji ba ya kokawa a kan rabonsa, uba ne ke ba shi a lokacinsa. Cikar alkawarin ita ce sabuwar sama da sabuwar duniya inda adalci zai zauna (2 Bitrus 3:13), gādon da 1 Bitrus 1:4 ta ce ba ya ruɓewa. Akwai kuma abin da ake ɗanɗana tun yanzu: hutawar rai da Yesu ya ambata, da bishewar Allah da Zabura 25:9 ta alkawarta wa masu tawali'u.

In kuwa tambayar ta taso ne don dangin marigayi sun taɓa gonar marayunki, kada ki jira. Ki sami Fasto da shugabar zumunta a wannan makon, domin Yakubu 1:27 ta ɗora wa ikkilisiya kula da gwauraye da marayu, su raka ki wurin mai unguwa kafin a fara shara.